Kalmar “increment”: ma'anarta, asalinta da hanyoyin da ta bi

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar albashin gwamnati, ko ya zauna ajin lissafi a jami'a, ko ya karanta rahoton masana tattalin arziki da Turanci, ya ci karo da kalmar “increment” ko 'yar'uwarta “incremental”. Yawanci ana ɗaukarta a matsayin ci gaban da ke tafiya sannu a hankali ba tare da yankewa ba. Wannan fahimta tana kan hanya, amma akwai sauran bayani, domin kalmar ta daɗe a duniya kuma ta yi aiki a hannun manoma, masu huɗuba, masana lissafi, masu gandun daji da 'yan siyasa, kowanne ya bar mata alamarsa.

Mece ce ainihin ma'anar “increment”, kuma yaya ta bambanta da “incremental”?

“Increment” suna ne, kuma yana nufin ƙarin da aka ɗora a kan wani abu da yake akwai tun da farko, musamman idan ƙarin yana da sanannen adadi kuma ana sa ran wani irinsa zai biyo baya. Idan albashin ma'aikaci naira dubu 80 ne a bana, baɗi ya koma dubu 83, to naira dubu 3 ɗin da aka ƙara su ne kalmar take nufi, ban da sauran albashin. Ita kuwa “incremental” sifa ce da ake bayyana duk wani sauyi da ke zuwa ta wannan hanya, wato kashi bayan kashi, kowane kashi yana zaune a kan wanda ya gabace shi. Wajen furuci, Turawa suna ƙarfafa gaɓar farko a sunan, su ƙarfafa gaɓa ta uku a sifar.

Babu wani sashe na kalmar da ke nufin jinkiri ko ƙanƙanta. Ma'anar “kaɗan-kaɗan” ta manne mata ne saboda yawan amfani da ita a wuraren da ƙarin kan zama ƙarami idan aka gwada shi da tushensa. A ganina amfanin kalmar na gaskiya shi ne tana tilasta wa mai magana ya ware sabon abu daga tsoho ya auna shi. Wanda ya ce abu ya bunƙasa yana iya tsayawa a nan, amma wanda ya ce an samu “increment” ya jawo wa kansa tambayoyi uku da dole ya amsa: nawa aka ƙara, a kan me aka ƙara, kuma a cikin wane tsawon lokaci.

Daga wane harshe ta samo asali?

Daga Latin, harshen tsohuwar daular Rum. Kalmar a can ita ce “incrementum”, kuma gutsure uku aka haɗa aka gina ta. Akwai ɗafa-goshin “in”, mai nufin a ciki ko a kan. Akwai aikatau “crescere”, mai nufin tsiro da girma. Sai ɗafa-ƙeyar “mentum”, wadda ke mayar da aikatau ya zama suna mai nuna sakamakon aikin. Idan aka haɗa su, abin da ya fito shi ne abin da girma ya haifar a kan abu.

Rumawa suna amfani da “crescere” ga shuka da yaro da wata da kogin da ke cika, wato abubuwan da ke girma da kansu ba tare da wani ya tsaya yana ɗora musu ba. Masana tarihin harsuna, ta hanyar kwatanta harsunan Turai da na Indiya da Farisa, sun danganta aikatau ɗin da wata tsohuwar saiwa da suke rubutawa “ker”, mai ma'anar girma. Daga wannan saiwa sunan Ceres ya fito, wadda Rumawa suka ɗauka a matsayin allahiyar hatsi, kuma daga sunanta Turanci ya sami “cereal”, kalmarsa ta hatsi. Ke nan kalmar da yau ta fi zama a ofis da ɗakin lissafi, a gona aka haife ta.

Ta yaya ta shiga Turanci, tunda Turanci ba ɗan Latin ba ne?

Turanci ɗan gidan harsunan Jamus ne, kuma yana da nasa kalmomin na gado. Babbarsu ita ce “grow”, wadda take saiwa ɗaya da kalmominsu na ciyawa da na launin kore. Akwai kuma “wax”, tsohuwar kalmar da yau kusan ba a jin ta sai wajen maganar cikar wata.

Abin da ya sauya lamarin shi ne yaƙin Hastings na shekarar 1066, lokacin da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan gidaje na kusan shekara ɗari uku, Latin kuma ya ci gaba da zama harshen coci da ilimi. Ta ƙofofin nan biyu zuriyar “crescere” ta shiga. Kalmar “increase” ta biyo ta Faransanci a ƙarni na 14, bayan bakin jama'a ya riga ya goge ta ya sassauta ta. “Increment” kuwa ta bayyana a rubuce a ƙarni na 15, kuma malamai ne suka ɗauko ta kai tsaye daga littattafan Latin, suka cire mata ƙarshe kawai. Wannan bambancin hanya yana nan har yau: mai sayar da kaya a kasuwar Landan zai ce farashi ya yi “increase”, amma “increment” sai a takardar ɗaukar aiki, ko littafin lissafi, ko rahoton gwamnati. Sifar “incremental” ta biyo baya a ƙarni na 18, sunan aƙidar “incrementalism” kuma sai a tsakiyar ƙarni na 20.

Akwai wasu kalmomi da suke dangi ɗaya da ita?

Suna da yawa. “Crescent”, sunan jinjirin wata, asalin ma'anarsa “mai ƙaruwa” ce, domin watan da ke ƙaruwa dare bayan dare aka fara kira da shi kafin sunan ya koma kan siffar lanƙwasar kanta. Burodin Faransawa mai kamar jinjirin wata, “croissant”, kalmar ɗaya ce. Mawaƙan Italiya sun ba duniya “crescendo”, wato sautin da ke ƙara ƙarfi a hankali. Akawun banki yana cewa kuɗi ya yi “accrue” idan ya taru a asusu. Kishiyoyin kuma su ne “decrease” da “decrement”.

Biyu daga cikin dangin sun daɗe da zama 'yan gida a Hausa. Kankare da magina ke zubawa daga “concrete” ya zo, asalinsa kuma Latin ne mai nufin abin da ya girma tare har ya dunƙule ya zama ɗaya. Kurtu, sabon soja ko ƙaramin ɗan sanda, daga “recruit” ya zo, wadda Faransawa suka gina daga aikatau mai nufin sake tsiro, domin sababbin sojoji su ne sabon tsiron rundunar da yaƙi ya rage.

Shin Rumawa suna amfani da ita kamar yadda ake yi yanzu?

Sun fi mu faɗaɗa ta. Mawaƙinsu Virgil, wajen shekara 40 kafin miladiyya, ya kira wani jariri “incrementum” na babban abin bautarsu Jupiter, yana nufin tsatso ko zuriya, domin ɗa ƙari ne a kan gidan ubansa.

Malaman balaga kuma sun mai da kalmar sunan wata dabara ta huɗuba. Quintilian, wanda ya koyar da balaga a birnin Rum a ƙarni na farko na miladiyya, ya bayyana ta a matsayin jera maganganu daga mai sauƙi zuwa mai nauyi har a kai ƙololuwa. Misalin da ya kawo daga jawabin Cicero ne, shahararren lauyan Rum, a kan Verres, tsohon gwamnan Sisili da aka gurfanar a shekara ta 70 kafin miladiyya bisa zalunci da wawure dukiya. Ma'anar abin da Cicero ya faɗa ita ce ɗaure ɗan ƙasar Rum laifi ne, yi masa bulala mugun aiki ne, kashe shi ya yi kusa da kashe mahaifi, to wane suna za a ba gicciye shi? Babu ƙaramin mataki ko ɗaya a wannan jeri. Abin da ya sa ya cancanci sunan shi ne kowane mataki ya hau kan na baya.

Me ya sa masana lissafi da masu kwamfuta suka riƙe ta sosai?

Saboda a ƙarshen ƙarni na 17, lokacin da Isaac Newton a Ingila da Gottfried Leibniz a Jamus suka assasa lissafin sauyi, babbar tambayarsu ita ce: idan aka ƙara wa wani adadi ɗan ƙari, nawa wani adadin da ya dogara da shi zai sauya? Ana buƙatar suna ga wannan ɗan ƙari, kuma “incrementum” tana nan a shirye, tunda da Latin malaman lokacin suke rubutu. A shekarar 1715 Brook Taylor, wanda yake sakataren ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society a Landan, ya wallafa littafinsa Methodus Incrementorum Directa et Inversa, wato hanyar lissafi da ƙare-ƙare, kuma a cikinsa ne aka sami ƙa'idar da ɗaliban injiniya da kimiyya ke koya har yau da sunansa. A wajen masana lissafi kalmar ta rabu da ma'anar ƙaruwa kwata-kwata, ta koma nufin bambanci tsakanin ƙima biyu, shi ya sa suke iya cewa “increment” ya zama ƙasa da sifili idan raguwa aka samu. Alamarsa ita ce harafin Girkanci delta, mai siffar kusurwa uku.

A kwamfuta kuma kalmar ta zama aikatau mai nufin ƙara ɗaya a kan lamba. Duk lokacin da na'urar banki ta ba wani lambar layi 46 ta ba na bayansa 47, wannan aiki ne ta yi. Harshen shirye-shiryen kwamfuta mai suna C yana rubuta umarnin da alamar tarawa biyu a jere. Da Bjarne Stroustrup ya faɗaɗa harshen a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, aka raɗa wa sabon suna C++ a shekarar 1983, ma'ana C da aka ƙara wa mataki ɗaya, tare da nuna cewa tsohon yana nan a ciki ba a rushe shi ba.

Shin “incremental” da “exponential” abu ɗaya suke nufi?

A'a, kuma haɗa su kuskure ne mai tsada. A ƙarin da ke da tsayayyen adadi, abin da ake ɗorawa bana shi za a ɗora baɗi. A ƙarin da ke ninkuwa kuwa, wato “exponential”, kaso ne na jimillar da ake da ita, don haka ƙarin kansa yana girma kowace shekara.

A ɗauki garke biyu, kowanne da dabba 100. Na farko yana samun ƙarin 10 duk shekara. Na biyu yana samun ƙarin kashi 10 cikin 100 na yawan da yake da shi. A shekarar farko babu bambanci, dukansu 110 ne. Bayan shekara 10, na farko yana da 200, na biyu kimanin 259. Bayan shekara 20, 300 ne da kimanin 673. Bayan shekara 30, na farko ya kai 400, na biyu ya haura 1,700. Dukansu biyu ana iya kiransu ci gaba mai ɗorewa, tunda babu shekarar da aka tsaya, amma ba hanya ɗaya suke bi ba. Yawan jama'a, bashin da ruwansa ke hauhawa da yaɗuwar annoba duk irin na biyun suke bi, makarantu da asibitoci da rijiyoyi kuwa galibi irin na farkon ake gina su, kaza bana kaza baɗi. Hukumar da ba ta rarrabe waɗannan biyun ba za ta yi ta murnar ƙarin azuzuwa alhali yaran da ba su da wurin zama suna ƙaruwa.

Mene ne alaƙarta da itatuwa?

Masu kula da gandun daji suna kiran katakon da bishiya ta ƙara a shekara “increment”, kuma a nan kalmar ta fi kusa da asalinta. A ƙasashe masu sanyi, bishiya tana ƙara zobe ɗaya a gangar jikinta duk shekara, mai faɗi idan an sami ruwa, siriri idan an yi fari. A ƙarni na 19 Max Pressler, malami a makarantar gandun daji ta Tharandt kusa da Dresden a Jamus, ya ƙirƙiro wani marari mai rami a ciki wanda ake murzawa cikin bishiya a zaro siririn katako kamar alƙalami, a ƙidaya zobban a auna faɗinsu ba tare da an sare ta ba. Turawan Ingila suna kiransa “increment borer”.

Da wannan awo suke yanke shawarar lokacin sara. Suna kwatanta ƙarin da dajin ya yi a bana da matsakaicin ƙarin da ya yi tun da aka shuka shi. Muddin na bana ya fi matsakaicin, barin dajin ya fi riba. Ranar da na bana ya sauko ya yi daidai da matsakaicin, an kai lokacin da ƙasar ta fi ba da katako, ko da yake itatuwan suna ci gaba da girma.

Mene ne “unearned increment”, kuma me ya haɗa shi da Arewacin Najeriya?

Wannan shi ne amfanin kalmar da ya fi tayar da ƙura a tarihi. Yana nufin ƙarin darajar da fili ke samu ba tare da mai shi ya yi wani aiki ba. A ɗauki fili a bayan gari wanda ba a gina ba, ba a noma ba, sai ƙaya da jakunkunan leda. Gwamnati ta shimfiɗa titi a gefensa, aka ja wutar lantarki, kasuwa ta buɗe, jama'a suka gina gidaje kewaye da shi. Mai filin bai ɗora ko bulo ɗaya ba, amma farashin ya ninka sau da yawa. Tambayar ita ce, wannan ƙari na wa ne?

Masanin falsafa John Stuart Mill ya yi jayayya a Ingila cewa al'umma ce ta samar da shi, don haka tana da haƙƙin karɓar rabonta ta hanyar haraji. Ba'amurke Henry George ya kai maganar ƙarshenta a littafin da ya wallafa a 1879, inda ya nemi a soke sauran haraji a dogara da harajin darajar ƙasa shi kaɗai. A shekarar 1909 David Lloyd George, ministan kuɗin Birtaniya, ya sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan irin wannan ƙari a kasafin kuɗinsa. Majalisar dattawan gado, wadda manyan masu filaye suka cika, ta yi watsi da kasafin, lamarin da ya jawo zaɓe da rikicin tsarin mulki, har aka kai ga dokar 1911 da ta rage wa majalisar ƙarfi. Harajin kansa bai yi tsawon rai ba, domin auna darajar kowane fili a ƙasar ya zama aiki mai wahala da tsada, aka soke shi a 1920.

A daidai wannan lokaci tunanin ya iso Arewa. Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ɗan Kanada wanda ya gaji Lugard a 1907 kuma ya jagoranci aikin dogo daga Baro zuwa Kano, yana cikin waɗanda ra'ayin Henry George ya yi wa tasiri, kuma ya san cewa dogo zai ɗaga darajar filaye. Kwamitin da ya zauna a Landan a 1908 kan filayen Arewacin Najeriya ya ba da shawarar da ta zama dokar 1910, wadda ta sa dukkan ƙasar ƙarƙashin ikon gwamna da sunan riƙon amana domin amfanin 'yan ƙasa. Dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta gaji wannan tsari, dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta shimfiɗa irinsa a kan Najeriya baki ɗaya. Bai kamata a manta cewa mulkin mallaka ne ya ɗora dokar ba tare da shawarar masu ƙasar ba, kuma ta ba gwamna iko mai yawa. Duk da haka tambayar da ta haife ta tana nan da ranta a duk garin da sabon titi ya ratsa: ƙarin da kuɗin jama'a ya samar, aljihun wa yake shiga?

Mene ne “incrementalism” a harkar mulki?

Sunan wata fahimta ce game da yadda gwamnatoci ke yanke shawara. A shekarar 1959 Charles Lindblom, malami a Jami'ar Yale ta Amurka, ya wallafa maƙalar da ta ƙalubalanci abin da ake koyarwa a lokacin, wato cewa mai tsara manufa yana fara da fayyace burinsa, ya jera dukkan hanyoyi, ya auna sakamakon kowacce, sannan ya zaɓi mafi kyau. Lindblom ya ce babu jami'in da yake da lokaci ko bayanai ko ƙwaƙwalwar yin haka, kuma mutane ba sa ma yarda da juna a kan burin. Abin da ake yi a zahiri shi ne a duba abin da ake kai yanzu, a kwatanta shi da wasu 'yan hanyoyi da ba su yi nisa da shi ba, a gwada ɗaya, a ga abin da ya faru, a gyara. Ya kuma ce wannan hanya tana da hikima, domin kuskuren ƙaramin mataki ana iya janye shi, na babban tsalle kuwa yakan zama bala'i.

A 1964 masanin kimiyyar siyasa Aaron Wildavsky ya nuna cewa kasafin kuɗin gwamnatin Amurka haka yake tafiya: abin da ya fi ƙayyade kuɗin da ma'aikata za ta samu bana shi ne abin da ta samu bara, muhawarar majalisa duk a kan ɗan ƙarin ko ragin take. Masu adawa da wannan sun fito da tsarin kasafi mai farawa daga sifili, inda kowace ma'aikata za ta kare kowane kuɗi daga tushe. Jimmy Carter ya gwada shi yana gwamnan jihar Jojiya ta Amurka, sannan ya kai shi gwamnatin tarayyar ƙasar a 1977 bayan ya zama shugaban ƙasa, gwamnatin Najeriya ma ta sanar da shi a kasafin 2016.

Sukar da ta fi nauyi ta zo daga masanin kimiyyar siyasa Yehezkel Dror a 1964, wanda ya ce hanyar Lindblom tana aiki ne kawai inda abin da ake kai yana da dama-dama kuma matsalolin ba sa sauyawa da sauri. Ina ganin wannan suka daidai ne, kuma ta fi shafar ƙasashe matalauta. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, amma sun ƙarasa da cewa sai dai a daɗe ba a je ba, kuma wanda ke jiran asibiti ko ruwan sha shi ne yake biyan kuɗin daɗewar. Idan tushen da ake ɗorawa a kansa karkatacce ne, ƙarin shekara-shekara yana ƙarfafa karkatar ne: yankin da aka mance da shi a kasafin farko zai ci gaba da samun kason ƙaramin abu. Martin Luther King ya yi gargaɗi irin wannan a jawabinsa na Washinton a 1963, inda ya kwatanta aƙidar bi-a-hankali da maganin sa barci ga mutanen da aka tauye wa haƙƙi.

A takardar albashi, mene ne bambancinta da ƙarin girma?

Tun bayan rahoton kwamitin Udoji na 1974, albashin ma'aikatan gwamnati a Najeriya yana tafiya bisa matakai daga 01 zuwa 17, waɗanda ma'aikata ke kira lebul, kuma kowane mataki yana da hawa-hawa a cikinsa. Ƙarin girma shi ne tashi daga wani mataki zuwa na sama, wanda yakan buƙaci cika wasu shekaru da jarrabawa da samun gurbi. “Increment” kuwa shi ne matsawa hawa ɗaya a cikin matakin da mutum yake, sau ɗaya a shekara, ba tare da muƙaminsa ya sauya ba. Dokokin aikin gwamnati sun ba da damar jinkirta shi ko hana shi a matsayin horo ga wanda ya yi laifi ko bai yi aiki yadda ya kamata ba. Wanda ya kai hawan ƙarshe na matakinsa kuma ƙarin ya tsaya masa ke nan har sai ya sami ƙarin girma. Sauya mafi ƙarancin albashi, kamar yadda aka ɗaga shi daga naira dubu 30 zuwa dubu 70 a 2024, wani abu ne dabam, domin tushen ne aka sauya gaba ɗaya.

A nan ne tambayar “a kan me aka ƙara” take da zafi. A shekarar 2024 hauhawar farashin kaya a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Ma'aikacin da albashinsa ya ƙaru da kashi 3 cikin 100 a irin wannan shekara, a takarda ya ci gaba, amma idan ya je gaban mai awo zai tarar abin da kuɗinsa ke saya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Shi ya sa ƙungiyoyin ƙwadago ba sa lissafa ƙarin shekara a matsayin maganin tsadar rayuwa.

Idan aka kira aiki “incremental”, yabo ne ko suka? Kuma yaya ta bambanta da “gradual” da “steady”?

Ya danganta da bakin da ta fito. A wurin injiniya ko likita yabo ce, domin tana nuna an gwada kowane mataki kafin a wuce shi, kamar yadda ake ƙara wa majiyyaci ƙarfin magani kaɗan-kaɗan ana duba yadda jikinsa ya karɓa. A wurin masu tace maƙalun kimiyya ko masu zuba jari a sababbin kamfanoni kuwa, sau da yawa hanya ce ta ladabi ta cewa aikin bai kawo wani sabon abu mai girma ba. Mai karatu sai ya duba wa ke magana kafin ya yanke hukunci.

“Gradual” daga kalmar Latin mai nufin taki ko matakala ta fito, kuma abin da take jaddadawa shi ne rashin gaggawa, ko ana iya ƙidaya matakan ko ba a iyawa, shi ya sa ta dace da gushewar hasken rana ko warkewar ciwo. “Steady” 'yar asalin Turanci ce, daga tsohuwar kalmarsu ta wuri ko matsayi, kuma tana nufin abin da bai girgiza ba, wanda saurinsa bai sauya ba, ko da mai sauri ne. “Incremental” ita kaɗai ce take buƙatar a iya nuna kashin da aka ƙara a kira adadinsa. Saboda haka mai fassara rahoto zuwa Hausa zai fi dacewa ya ce “sannu a hankali” ga ta farko, “ba tare da tangarɗa ba” ko “a kai a kai” ga ta biyu, ya ajiye “mataki-mataki” ko “kashi-kashi” ga ta uku, kuma idan sunan ne ya zo, ya ce “ƙari” ya kuma nemo adadin a cikin rahoton ya rubuta shi.